Jan Turke a Gonar Surukina

Kwanakin baya wasu samari uku suka same ni a gida a Gwarzo. An ɗauke su aikin ƙirga ƙwari a gonakin gwaji, aka ce su zo in nuna musu hannu, tunda na daɗe a aikin. Ɗayansu ya ɗauki hoton wata tsutsa da wayarsa, wayar ta faɗa masa sunanta nan take, ya dube ni yana dariya ya ce, "Baba, ashe abin da kuka shekara kuna yi ke nan? Ai minti ɗaya ne." Ban ji haushi ba, don ni ma na taɓa raina aikin. Saboda su da ire-irensu nake wannan rubutu.

Sunana Sale, amma daga Gwarzo har Kabo an fi sanina da Sale Tsutsa. Karatuna bai wuce firamare da shekara biyu a sakandare ba. A aikin nan na yi wani kuskure da ya kusa cinye waken wani bawan Allah a Mainika gaba ɗaya. Zan zo kansa, amma ba za a gane shi ba sai an san yadda aikin yake.

Ranar da aka gwada ni, Dakta Asabe ta ɗora furen wake goma a kan farin faranti ta ce in ƙirga ƙwarin da ke ciki. Na juya su, na hura, na ce, "Dakta, ai babu komai." Ta ɗauki allura ta tsaga guda ɗaya, ta ƙwanƙwasa shi a farantin. Sai ga wasu abubuwa baƙaƙe sirara, ba su kai gutsuren gashi ba, suna ta gudu. Ta ce, "Waɗannan kaɗai sun isa su zubar da furen gona guda. Sake ƙirgawa, Malam Sale." Na yi awa ɗaya a kan furen nan goma. Da na kawo mata lissafina ta duba, ta ce na yi kuskure a huɗu, amma ban yi ƙarya a ko ɗaya ba, don haka in dawo ranar Litinin.

Dakta Asabe malamar jami'a ce a Kano, ƙwari ta karanta a gida da waje. Amma bincikenta bai tsaya a kan ƙwaro ba. Da safe tana gona tana tsaga fure, da rana ta shiga gidaje ta zauna da mata masu ƙosai da alala da ɗanwake, tana tambayarsu wane wata wake ke yanke musu, da abin da suke yi idan ya yanke. Takan ce ba don ƙwaro take karatun ƙwaro ba, don mai kasko take yi. Takardun da take rubutawa ana karanta su a Nijar da Gana da Burkina Faso, ana kuma gayyatarta taro a ƙasashen Turawa. Masu ba da tallafin noma suna duba irin rubutunta kafin su ce a koya wa manoma kaza. Ni ban taɓa karanta ko ɗaya har ƙarshe ba, Turancin ya fi ƙarfina. Amma na san lambobin da ke ciki, domin da yawansu daga hannuna suka fito.

Kayan aikina ba su cika jaka ba: raga mai dogon mariƙi, farin zane da ake shimfiɗawa a gindin shuka a girgiza ta, ƙananan kwalabe da sifirit a ciki, allura, madubin ƙara girma da nake ratayawa a wuya, sai takarda da fensir. Fensir, ba biro ba. A watana na farko na ga fensir bai dace da ma'aikacin jami'a ba, na sayi biro mai kyau. Ina rubuta sunan gona da rana a 'yar takarda in jefa cikin kwalba tare da ƙwarin, kamar yadda aka koya mini. Da Dakta ta zo karɓa, kwalabe fiye da sittin duk ruwansu ya koma shuɗi, takardun sun yi fari tas. Ta ɗaga ɗaya a rana ta ce, "Malam Sale, wannan shuɗin na Kabo ne ko na Garo?" Aikin wata guda muka zubar a bayan ofis. Ba ta yi faɗa ba, ta dai saya mini fensir dozin guda da reza.

Ƙirga tana da lokacinta. Idan ka yi sammako da yawa, raɓa ta manne ƙwarin a cikin fure. Idan ka bari rana ta take, masu fiffike sun tashi. Kuma ba a zaɓen shuka da ido, domin ido yakan kai ka wurin wadda ta fi kyau ko wadda ta fi lalacewa. Taku biyar za ka yi, shukar da ke gefen ƙafarka ta dama ita ce taka, ko ta yi maka ko ba ta yi maka ba. Ka tsinki fure, ka ƙara taku biyar, har ka haɗa ashirin. Babbar abokiyar gabarmu ita ce tsutsar nan mai ɗigo-ɗigo a baya, wadda ke fara cin fure tana saƙa yana, sannan ta huda kwanson wake ta shige. Muddin tana cikin fure, magani na samunta. Da ta shiga kwanso ta rufe ƙofa da kashinta, ko kogin magani ka zuba ba ya kai mata. Daga fara fure zuwa shigarta kwana kaɗan ne, bai fi mako biyu ba. Duk noman wake a nan yake.

Manoma kuwa sun sha dariyata. In na shiga kasuwar Kabo sai in ji an ce, "Sale Tsutsa, nawa mudu yau?" Wani ya ce, "Ka zo gidana akwai kuɗin cizo, ko su Hajiyar ƙwari ba ta so?" Haka suke kiran Dakta, ita ma tana amsawa. Amma mutumin da ya tsokane ka da safe shi ne zai tare ka da yamma da ganye a hannu, ya ja ka gefe ya ce, "Don Allah duba mini wannan."

Shekarata ta shida a aikin Dakta ta kawo sabon gwaji. Maganin feshi ya yi tsada, jabu ya cika kasuwa, mutane na fesawa ba takalmi ba abin rufe hanci, suna kwanciya ciwo. Tana son ta gani ko wani sabon irin wake mai saurin nuna zai iya tsayawa ba magani, in dai ana yayyafa masa ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa. A kowace gona mukan auna fili biyu. Ɗaya mu kafa masa fararen turaku, a fesa shi yadda aka saba. Ɗaya mu kafa masa jajaye, shi ba a kusantarsa da magani ko me ya same shi, sai darbejiya. In ya lalace, a cika wa mai gona wakensa. Gona huɗu ake so. Aka samu biyu a wajen Kabo, ɗaya a Gwarzo. Ta huɗu ni na kawo ta, gonar surukina ce a Garo.

Ba zan rubuta sunansa ba. Yana raye ban taɓa kiransa ba, ba zan fara yanzu ba, Allah ya jiƙansa. Baba nake ce masa. Shi ya ba ni 'yarsa Hajara lokacin da ba ni da komai sai keke. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa shiga zaurensa da takalmi ba, ban taɓa tsayawa a kansa yana zaune ba. Manomi ne na gaske, gonarsa tana bakin hanya, duk mai wucewa sai ya rage tafiya ya kalla. Na kawo gonarsa cikin gwajin don in girmama shi.

Wata Talata, wake na tsakiyar fure, na shiga filin jan turke na Garo da kwalabena. Tun kafin in tsinki fure na ji wurin ya yi shiru. Gonar da ba a fesa ba tana da hayaniya: ƙudan zuma na kuka, gizo-gizo ya ɗaura zare tsakanin kunya da kunya, kana tafiya yana manne maka a wando. Ranar babu zare ko ɗaya. Na shimfiɗa farin zane na girgiza shuka, abin da ya faɗo matattu ne. Na murza ganye na kai hanci. Warin nan ba na darbejiya ba ne.

Na same shi a zaure yana gyaran igiya. Na cire takalmi na durƙusa. Muka gaisa, ya tambayi Hajara da yara, na tambayi jiki da ruwa.

Na ce, "Baba, daga gona nake."

Ya ce, "Ka ga yadda ya yi kyau ko?"

"Ya yi kyau, Baba."

Ya ci gaba da igiyarsa. Can ya ce, "Ɗan kaɗan na yayyafa masa shekaranjiya. Gona a bakin hanya, duk mai zuwa kasuwa sai ya leƙa. Tun ina saurayi ba a taɓa nuna gonata da baki ba, ba kuma za a fara ina da furfura ba. Ita Hajiyar ƙwari ai takarda take so, ga shi za ta samu mai kyau. Ko da wata matsala?"

Na ce, "Babu, Baba."

Na koma na ƙirga furena ashirin. Abin da na samu shi na rubuta, ban ƙara ba ban rage ba. Amma a ƙasan takardar akwai layi da aka ce a rubuta duk abin da aka lura da shi, ko akuya ce ta shiga. Layin nan na bar shi fari. Na ce wa kaina gona ɗaya ce cikin huɗu, baɗi zan yi masa magana tun kafin shuka. Baɗin ta zo, na je, na durƙusa, muka yi hirar taki na taso. Ya sake fesawa, na sake barin layin fari.

Sauran gonakin uku jan turkensu ya yi dama-dama, bai mutu ba, bai kuma kai fari ba. Na Garo kuwa shekara biyu a jere yana kafaɗa da kafaɗa da farin turke. Dakta ta yi ta juya takardun. Ta ɗebi ƙasar wurin, ta tambaye ni yadda Baba ke jiƙa darbejiyarsa, kwana nawa, a wace irin randa. Na faɗa mata duk wannan, gaskiya ne kuwa, yana jiƙawa. A ƙarshe ta rubuta cewa hanyar tana iya yin aiki in an bi ta da kyau, ta kafa hujja da Garo, ta ce a faɗaɗa gwaji. Takardar ta fita, ta yi nisa.

Kafin a cire waken shekara ta biyu aka shirya ranar gani da ido. Aka ɗauko manoma daga Mainika a mota aka kawo su gonar Baba. A cikinsu akwai Malam Habu, dogon mutum mai yawan tari. Feshi ne ya taɓa masa ƙirji, duk shekara in ya goya inji sai ya yi mako a kwance. Wake ne ƙarfin gidansa. Matarsa, Inna Lami, da waken gonarsa take ƙosai a ƙofar makarantar Islamiyya, da shi ake cefane daga kaka zuwa kaka. Ya zaga filin jan turke sau biyu, ya ɓare kwanso, ya tauna. Sannan ya zo inda nake tsugune, Baba na zaune a kan buhu kusa da ni, jama'a kewaye.

Ya ce, "Malam Sale, ita Dakta baƙuwa ce, zuwa take ta koma. Kai ne ɗan gida. Tsakaninka da Allah, wannan bai ga magani ba?"

Baba bai ɗago kai ba. Na ce, "Bai gani ba."

Malam Habu ya ce, "Alhamdu lillahi. To na huta da inji."

Da damina ta kama, mutanen Mainika da suka karɓi irin yawancinsu rabin gona suka ba shi. Malam Habu ya shuka gonarsa gaba ɗaya. Dakta da kanta ta ce masa ya bar ko kashi ɗaya cikin uku a tsohuwar hanya. Ya ce ya gani da idonsa, ya kuma ji daga bakin ɗan gida. Injin feshinsa ya ba ƙaninsa da ke zaune a Ƙaraye.

Shekarar ta zo da lumshi. Ruwa ba ya yin ƙarfi, ba ya kuma ɗaukewa, kullum gari a rufe, ƙasa a jiƙe. Tsutsa ba ta da abin da take so kamar haka. Ni aka ba ƙirgar Mainika, duk Litinin. Litinin ta farko da fure ya buɗe, cikin ashirin na samu tsutsa a uku. Ta biyu na samu a takwas. Ina rufe kwalba Malam Habu ya zo ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Sale Tsutsa, 'yan uwanka sun yi mini yawa a gona. In aika Ƙaraye a kawo inji, ko in jira?"

Na ce bari in tambayi Dakta. Na koma gindin wata ɗorawa na kira ta a waya, na karanta mata lambobin. Na ji tana buɗe takardu. Ta ce, "Ga na Garo a gabana, rubutunka ne. Can ma ya hau a makon farko, sannan ya faɗi warwas. A ƙara darbejiya, safe da yamma, mu ba shi mako guda."

Na san abin da ya faɗar da shi a Garo. Na ce, "To, Dakta." Na koma na ce wa Malam Habu an ce a jira. Ya ce, "Yadda kuka ce." Da yamma na bar shi shi da Inna Lami suna dakan 'ya'yan darbejiya a turmi biyu.

A makon nan sau biyu ina hawa babur zuwa Garo, da niyyar in nemi izinin Baba in faɗi gaskiya. Sau biyun ina durƙusawa, mu yi maganar ruwa da farashin taki, in ce a huta lafiya. Ranar Asabar Hajara ta ajiye mini tuwo ta zauna, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce, "An ce mini sau biyu kana zuwa wurin Baba kana tashi ba ka ce komai ba. Wani abu ka yi masa, ko shi ya yi maka?"

Na faɗa mata tun daga farko. Ta saurara har na gama.

Ta ce, "Yanzu shi mai gonar yana can yana dakan darbejiya?"

Na ce yana can.

Ta ce, "Kunyar Baba kake ji, ba ka ji ta mutumin da ya haɗa ka da Allah ba? Baba ubana ne, ni zan je masa. Kai ka kama hanyar Kano."

Duk da haka sai da na jira Litinin, wai in ga ko abin ya sauka da kansa. Wannan kwana biyun ma suna wuyana. Ranar Litinin na tarar fure zube a ƙasa tsakanin kunyoyi. Cikin ashirin, sha bakwai da tsutsa. Kwanson farko da suka fito na ga ƙofofi a jikinsu da kashi a baki. Ban tsaya neman Malam Habu ba, na ajiye babur a tasha na shiga motar Kano.

Na sami Dakta a ɗakin bincike tana duba wani abu a babban madubi. Na cire hula, na tsaya a bakin ƙofa na faɗa mata. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta jawo takarda.

"Shekara biyun duka?"

"Duka."

"Sau nawa a shekara?"

"Wanda na sani, sau biyu-biyu. Wataƙila ya fi."

"Ranar da na ce a jira mako guda, ka sani?"

"Na sani, Dakta."

Ta ajiye fensir. Sannan ta tashi ta ce, "Sa hularka. Maganata da kai sai an gama. Yanzu wake ake ceto." Ta sa aka ɗauko injin feshi biyu daga sito da magani mai kyau da abin rufe hanci, aka zuba a bayan mota. A hanya magana ɗaya ta yi mini. Ta ce, "Ni zan ce musu na ba da shawarar da ba daidai ba, don ni na sa hannu. Yadda aka yi kuwa, da bakinka za su ji."

Bayan la'asar muka isa. Aka tara waɗanda suka karɓi irin a ƙofar gidan mai unguwa. Dakta ta yi nata bayanin a tsaye, ba ta ɓoye komai ba, ta ce duk wanda ya shuka sabon irin ya fesa gobe da safe. Sannan ta matsa gefe. Na ce gonar Garo da aka kai su an fesa ta, na sani tun ranar farko, na ɓoye. Wani ya ce, "Amma kai dai an yi ɗan banza." Wani ya ce dama shi bai taɓa yarda da mai kama tsutsa ba. Malam Habu bai ɗaga murya ba. Ya yi tari, ya share baki, ya ce, "Malam Sale, a gaban mutane na tambaye ka." Sannan ya juya wurin Dakta ya ce, "Hajiya, wanne ne injin da zan ɗauka?"

Ban bar shi ya goya ba, saboda ƙirjinsa. Ni na goya. Washegari da hantsi muna cikin aiki sai ga wani mai babur daga Garo da inji ɗaure a baya, ya ce Baba ya ce a kawo wa mai gona, ba wani saƙo. Hajara ta je ke nan. Kwana biyu muka yi muna feshi, bayan kwana goma muka maimaita. Furen da ya zo daga baya ya tsira. Na farko, wanda shi ne mai yawa, ya riga ya tafi a makon da na ce a jira.

Ina wurin ranar da aka sussuke. Gonar da ta saba ba shi buhu tara ta ba shi uku, a cikinsu ma akwai mai huji. Dakta ta kawo buhu biyu daga abin da aka tanada don gwaji, ya karɓa ya yi godiya. Buhun da Baba ya aiko masa kuwa, ya mayar, ya ce a gaishe shi. Inna Lami ta ci gaba da ƙosai har tsakiyar rani, daga nan ta kife kasko, ba ta sake ɗorawa ba sai wata kakar. Duk lokacin da na bi ta ƙofar Islamiyyar nan a watannin ina ganin duwatsun murhunta uku ba wuta.

Dakta ta sake rubuta wata takarda ta aika inda ta aika ta farko, ta ce a cire lambobin Garo, an fesa gonar ba da saninta ba, don haka kada kowa ya dogara da abin da ta faɗa a baya. Ba ta sa sunana ba. Na ji daga direbanta cewa wani taro da aka gayyace ta a waje an fasa kiranta, wasu abokan aikinta kuma sun samu abin faɗa. Ita ba ta taɓa gaya mini ba. Abin da ta ce mini shi ne in zauna a gida wata uku, in na dawo ba ni ba ƙirga ni kaɗai, ba ni ba gonar dangi ko ta surukai. Daga baya bincikenta ya koma kan a ƙirga tukuna kafin a fesa, a yi feshi kaɗan a kan lokaci maimakon a yi ta zubawa duk mako, darbejiya kuma ta taimaka a tsakani. Wannan shawarar ta tsaya, har yau ana bin ta a wurarenmu. Baba kuwa har ya rasu ba mu taɓa tayar da maganar ba. Ina zuwa, in durƙusa, mu gaisa.

Da damina ta sake zagayowa Dakta na bukatar fili a Mainika, ba wanda ya yarda ya bayar. Gida biyar muka shiga, kowa ya ce gonarsa ta yi kaɗan bana. Ta ce mu je wurin Malam Habu. Na ce, "Dakta, ko in jira a mota?" Ta ce, "Sauko."

Ya shimfiɗa mata tabarma, ni ya nuna mini gefe da hannu. Ta yi bayani. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya ce, "Ke kin zo har ƙofar mai unguwa kin ce kin yi kuskure. Ban taɓa ganin mai mota ya yi haka ba. Zan ba ki kusurwar gabas, taku talatin, ba ƙari. Amma da sharaɗi. Duk furen da wannan zai buɗe a gonata, ina tsaye."

Dakta ta ce ta yarda. Aka dube ni, na ce na yarda.

Litinin ta farko da wake ya yi fure na isa raɓa ba ta gama bushewa ba, na tarar ya riga ni. Yana tsaye a bakin turke da sabon littafin rubutu da fensir a bayan kunne. Muka gaisa a taƙaice. Na yi taku biyar, yana biye da ni, na tsinki fure a gefen ƙafata ta dama. Na tsaga da allura a kan farin faranti, na duba, na ce, "Biyu." Na rubuta.

Ya miƙo hannu. Na cire madubin daga wuyana na ba shi. Ya sunkuya ya daɗe a kai, yana riƙe numfashi don kada tari ya hure su.

Ya ce, "Uku. Ga wata 'yar ƙarama can ƙasa, ta naɗe."

Na karɓi madubin na duba. Tana nan. Na goge, na rubuta uku.